Girman Akwati Ba Hujja Ba Ne: Martani Kan Rabon Kaurin Sauti a Falukan Yamai

Wani marubuci mai sha'awar kayan sauti ya fitar da ra'ayi a kan silimar gida, wato haɗin talabijin da amfilifaya da lasifikoki biyar ko fiye da ake girkawa a falo domin a kusanci sautin gidan kallo, kuma da yake ra'ayin nasa ya yi daidai da abin da ake yawan ji a bakin masu sayar da kayan lantarki da masu gyaransu a kasuwannin Yamai, tun daga Babbar Kasuwa har zuwa Katako, bai kamata a bar shi ya wuce ba tare da an ɗora shi a kan ma'auni ba. Taƙaicen abin da ya kafa shi ne cewa duk wanda ya kashe kuɗi ya sayi manyan lasifikoki masu tsayuwa a ƙasa, asara ya yi idan ya bar amfilifaya ta rage musu kaurin sauti ta miƙa shi ga sabwufa, wato akwatin nan guda da aka ƙera domin sauti mafi kauri kaɗai. Cewa idan rabon ya zama tilas, to a yi shi da gangare mafi sauƙi, domin a ganinsa gangare mai tsanani yana raba kiɗa gida biyu. Da kuma cewa lambar nan ta haz 80 da na'urori ke zuwa da ita al'adar Amurka ce da aka yi domin gidajen katako, ba ta da ta cewa a ginin siminti. A cikin wannan magana akwai gaskiya ƴar kaɗan, za a kuma ba shi ita a inda ta dace, amma shawarar da ya gina a kanta tana ɓata sauti, tana gajarta kwanan kaya, kuma ɓarnarta ta fi yawa a falukan Yamai fiye da a gidajen katakon da ya ambata.

Kafin a shiga gardama wajibi ne a daidaita ma'aunai. Sauti girgizar iska ne, ana kuma ƙidaya yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz, wanda ya samo sunansa daga masanin Jamus Heinrich Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin abin da ke tsakanin haz 20 da haz 20,000, kuma abin da ake kira kaurin sauti, ko bes a bakin makaɗan zamani, shi ne yankin da ke ƙasa da haz 200 ko kusa da haka. Duk lokacin da yawan girgiza ya ninka, kamar daga 40 zuwa 80 ko daga 80 zuwa 160, an hau oktaf ɗaya ke nan. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi, kuma ma'auni ne mai tafiya da ninki: ƙarin desibel 3 yana cin ninki biyu na ƙarfin lantarki, ƙarin desibel 10 yana cin ninki goma, alhali kunne yana jin sa kamar sauti ya ninka sau biyu ne kawai. Mararrabar sauti ita ce wurin da matatai biyu ke haɗuwa, ɗaya yana barin siririn sauti ya wuce zuwa lasifikokin gaba da na gefe, ɗayan yana barin mai kauri ya wuce zuwa sabwufa. Babu matacin da ke datse sauti farat ɗaya; kowanne yana rage shi ne sannu a hankali, kuma saurin wannan raguwa shi ake kira gangare, ana faɗinsa da desibel a kowace oktaf, 6 ko 12 ko 18 ko 24. Tsarin da ke tattara kaurin dukkan layukan sauti ya tura shi inda ya dace shi ne sarrafa kaurin sauti, kuma shi ne marubucin yake son a kashe.

Abin da ya fara karkatar da shi shi ne ɗaukar sabwufa da layin da ake kira LFE a matsayin abu ɗaya. A tsarin 5.1, wanda Dolby Digital ya shigo da shi gidajen kallo da fim ɗin Batman Returns a 1992, akwai cikakkun layuka biyar, kowanne da ikon ɗaukar sauti daga mafi kauri zuwa mafi siranta, sannan akwai ƙaramin layi na shida, wato LFE, wanda ba ya wuce haz 120, an tanade shi domin tsawa da fashewa da rugugin injuna, ana kuma kunna shi da ƙarin desibel 10 a kan sauran. Wannan layi yana cikin fim ne, sabwufa kuwa akwati ne a cikin ɗaki, kuma idan aka gaya wa amfilifaya cewa lasifikokin gaba cikakku ne, abin da zai isa ga sabwufa daga gare su babu, sai dai wannan layi na shida. A nan ne tambayar da marubucin bai yi ba take tasowa: me ake kallo a falukan Yamai? Labaran Télé Sahel, da shirye-shiryen Arewa24 irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da finafinan Kano da ake ɗaukowa daga YouTube ko a tura daga waya zuwa waya, da waƙoƙin Tal National ko Bombino ko Mamar Kassey, mafi yawansu layi biyu ne, hagu da dama, ba su da layi na shida ko kaɗan. Mai bin shawarar marubucin zai wayi gari akwatin da ya fi kowanne iya kaurin sauti a gidansa yana zaune shiru a mafi yawan sa'o'in kallo, ita kuma jitar bes, wadda tsirkiyarta mafi kauri ke sauka har haz 41, ta rataya a wuyan lasifikokin gaba su kaɗai.

Marubucin ya hango wannan giɓi, shi ya sa ya ƙara da cewa a kunna zaɓin da ke aika kauri ga manyan lasifikoki da sabwufa a lokaci guda, zaɓin da kamfanoni irin su Denon da Onkyo da Yamaha suka sa a na'urorinsu, kowanne da sunan da ya ba shi, bisa tunanin cewa akwati uku sun fi ɗaya. Lissafin iska bai yarda da wannan ba. Igiyar sauti turawa ce da jawowa a jere, kuma da yake sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, zangon igiya ɗaya a haz 80 ya kai mita 4.3, a haz 40 kuma mita 8.6. Idan akwati biyu suka fitar da sauti iri ɗaya amma nisansu daga kunne ya bambanta da rabin zango, wato mita 2 da ɗan ɗori a haz 80, turawar ɗaya za ta iso tare da jawowar ɗayan, su kashe juna. Ko da nisan ya yi daidai, lasifika mai tsayuwa da sabwufa ba sa tafiya da taku ɗaya a kusa da iyakarsu ta ƙasa, domin kowane akwati yana jinkirta sauti gwargwadon ƙirarsa, sai a sami kauri ya cika a wata murya ya ɓace a wadda ke bin ta. Gaskiya ne akwai masana, irin su Earl Geddes na Amurka, da ke barin manyan lasifikoki su sauka ƙasa tare da sabwufa da yawa, amma suna yin haka ne da lasifikoki masu ƙarfin gaske, da makirufo na awo, da daidaita ƙarfin kowane akwati ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya danna maɓalli guda a amfilifaya bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Hujjar da ya kafa da gidan kallo, cewa a can lasifikokin bayan allo suna ɗaukar kaurinsu da kansu, ita ma kansa take komawa. A zauruka masu ɗaruruwan kujeru, irin na CanalOlympia da aka buɗe a Hippodrome a 2017, ƙa'idar sana'a tana neman kowane layin gaba ya iya kai desibel 105, layi na shida kuma 115, saboda haka a irin waɗannan zauruka akan girka lasifikoki masu faifan inci 15, sau da yawa biyu a akwati ɗaya. Lasifikar falo mai faifai biyu na inci 6 da rabi, komai tsayinta da ƙyallin jikinta, faɗin faifanta duka kimanin sulusin faifan inci 15 guda ɗaya ne kawai. Hatta gidajen kallon, da tsarin Dolby Atmos ya zo a 2012, sun soma karkatar da kaurin lasifikokin gefe zuwa sabwufa.

Tushen maganar yana cikin motsin faifan lasifika, wato kwanon nan na takarda ko na roba da ke kai da komo yana tura iska. Ƙa'idar da babu injiniyan da ke jayayya da ita ita ce, muddin ana son ƙarfin sauti ya tsaya yadda yake, duk saukar oktaf ɗaya tana neman faifai ya ninka nisan tafiyarsa sau huɗu. Faifan da ke motsa milimita 1 a haz 80 sai ya motsa milimita 4 a haz 40, da milimita 16 a haz 20, kuma ninki huɗu na motsi daidai yake da desibel 12. Sai a dubi gangaren desibel 6 da marubucin yake yabo: rabi kawai yake ragewa a kowace oktaf, don haka a ƙasan mararraba, a duk yankin da lasifika ke iya amsawa, motsin faifai yana ci gaba da ninkawa sau biyu, wato an sa mataci amma abin da aka sa shi ya hana bai hanu ba. Gangaren desibel 12 yana tsayar da motsin a inda yake, na 24 kuwa yana mayar da shi rubu'i a kowace oktaf. Wannan lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya bi da alƙalami, kuma abin mamaki ne a rubuta doguwar shawara a kan gangare ba tare da an ambace shi ba. A kiɗan fada ba a neman kotso ya yi rugugin tambari, ba kuma don an raina kotso ba ne.

Lamarin ya fi muni a lasifikoki masu huji, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwa. Hujin nan da bututun da ke bayansa an auna su ne domin iskar cikin akwati ta amsa a wata murya, galibi tsakanin haz 40 da 60, ta taimaki faifai. Amma a ƙasan wannan murya iskar ba ta riƙe faifan kuma, sautin yana faɗuwa da desibel 24 a kowace oktaf, faifan kuwa yana fizga gaba da baya iya ƙarfinsa ba tare da ya fitar da abin ji ba. Fashewa ɗaya a fim mai sauka haz 25 ta isa ta kai shi ƙarshen tafiyarsa, kuma yagewar bakin faifai da gogewar kwayil da ke kai lasifikoki teburin mai gyara sau da yawa daga nan suke farawa. Tun kafin a kai ga lalacewa, kunne ya riga ya biya. Paul Klipsch, maƙerin lasifika na Amurka, ya nuna a wani nazari na 1969 cewa faifan da ke doguwar tafiya domin kauri yana gurɓata siraran muryoyin da yake ɗauke da su a lokaci guda. A lasifikar falo wannan faifai shi ne ke ɗauke da gindin muryar ɗan Adam, wadda a namiji take tsakanin haz 85 da 180, sannan kuma sananne ne a ilimin ji cewa sauti mai kauri yana danne siriri fiye da yadda siriri ke danne mai kauri. Ga mai sauraron Hausa ko Zabarmanci, harsunan da ma'ana ke rataye da hawa da saukar murya da tsawon wasali, tsabtar magana ita ce farkon abin da ake nema ga kayan sauti, kuma korafin nan da aka saba ji, cewa kiɗan fim yana da ƙarfi amma maganar ƴan wasa ba ta fita, yana daga cikin alamun kaurin da ba a sarrafa ba.

Akwai kuma abin da yanayin Yamai ya ƙara, wanda marubucin, duk da kishin gida da ya nuna, bai taɓa ba. Lasifikar gida tana mayar da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na lantarkin da ta sha zuwa sauti, sauran zafi ne da ke taruwa a kwayil, wato naɗin siririyar wayar jan ƙarfe da ke motsi a cikin maganaɗisu, kuma turjiyar jan ƙarfe ga lantarki tana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100 idan zafinsa ya hau da digiri 100, sai sauti ya ragu, mai gida ya ƙara murɗawa, zafin ya ƙaru. A birnin da zafin rana ke kaiwa kimanin digiri 41 a matsakaicin watan Afrilu, kwayil da amfilifaya suna fara aiki ne da ɗumi a jikinsu. Amfilifayar silimar gida tana ciyar da layuka biyar ko bakwai daga taransifoma ɗaya, kuma ƙarfin da ake rubutawa a takardarta galibi an auna shi ne da layi biyu kaɗai suna aiki. Kauri shi ne ya fi cin lantarki, don haka ɗauke mata shi a miƙa wa sabwufa mai amfilifayar kanta, wadda a yau yawanci irin nan ce mai aji D da ke amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ta sha, yana sanyaya ta, yana kuma barin mata sarari ga murya. Tun bayan da Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, har zuwa dawowarta a Maris 2024, gidaje da dama sun koma dogaro da batir da farantin hasken rana, kuma a irin wannan gida lantarkin da ya tafi a fizgar faifai marar sauti asara ce da ake ji a jika.

A ɓangaren sabwufa ma gangare mai sauƙi yana da nasa laifin. Dalilin da ya sa ake iya ajiye akwati ɗaya a ko'ina cikin ɗaki shi ne kunne ba ya iya gane inda sauti mai kauri sosai ya fito a rufaffen wuri, domin zangonsa ya ninka tazarar kunnuwa biyu sau da yawa, kuma bango yana maido shi ta kowace fuska. Wannan rangwame yana ƙarewa da zarar an hau sama. Idan aka sa mararraba a haz 80 da gangaren desibel 6, sabwufa za ta ci gaba da fitar da haz 320 da ragin desibel 12 kacal, abin da kunne ke ji sarai, sai muryar mai karanta labarai ta rabu, kanta a talabijin, gindinta a lungun ɗaki. Da gangaren desibel 24 ragin a wannan murya ya kai kusan desibel 48, wato ta ɓace. Rabuwar kiɗa gida biyu da marubucin yake tsoro, gangaren da ya zaɓa ne ke jawo ta.

Inda yake da ƙafar tsayawa shi ne batun taku da lokaci. Matacin desibel 6 shi kaɗai ne, idan aka haɗa ɓangarorinsa biyu, ke maido da igiyar sauti yadda ta shigo ba tare da jinkiri ba, kuma saboda haka ne kamfanoni irin su Thiel da Vandersteen suka yi suna da shi a cikin lasifikokinsu. Sai dai wannan falala tana da sharaɗi biyu: faifan biyu su kasance kusan a wuri ɗaya, kuma kowanne ya iya aiki lafiya oktaf biyu ko fiye bayan mararraba. Sabwufa da lasifikar gaba, masu tazarar mita ɗaya ko uku a tsakaninsu, ba su cika ko ɗaya ba. Matsalar faifan da ba sa wuri ɗaya ita ce ainihin abin da Siegfried Linkwitz ya yi rubutu a kansa a 1976, tare da gudummawar abokin aikinsa Russ Riley a kamfanin Hewlett-Packard, inda suka jera matatai biyu irin waɗanda injiniyan Ingila Stephen Butterworth ya bayyana a 1930, suka sami mararrabar da kowane ɓangare ya ragu da desibel 6 a mahaɗa, ɓangarorin biyu suna tafiya da taku ɗaya, jimillarsu kuma a miƙe take. Jinkirin da irin wannan mararraba ta desibel 24 ke jawowa a haz 80 kimanin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ne, bai kai rabin igiya ɗaya ba, alhali ɗakin siminti yana riƙe kauri yana amsa shi na tsawon lokacin da ya ninka wannan sau da yawa. Tsarin THX, wanda Tomlinson Holman ya kafa a kamfanin Lucasfilm a 1983, a kan wannan ya gina ƙa'idarsa ta gida: desibel 24 ga sabwufa, desibel 12 ga lasifikokin gaba, waɗanda aka ƙera su a rufe ruf domin su ƙara nasu desibel 12 na halitta a haz 80, jimilla ta zama 24 a kowane gefe.

Sai maganar siminti, wadda marubucin ya ɗauka ita ce babbar garkuwarsa. Gaskiya ne bangon allo mai sauƙi na gidajen Amurka yana lanƙwasawa ya sha wani ɓangare na kauri, bangon bulo da daɓen tayil da rufin kankare kuwa suna maido da kusan dukkansa. Amma wannan dalili ne na ƙara kula da kauri. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai muryoyin da igiyarsu ke tsayawa cik, ana kuma samun ta farko idan aka raba gudun sauti da ninki biyu na tazarar. Falo mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3 yana amsawa a haz 34 da 43 da 57, sannan a ninkinsu, 69 da 86 da 114, kuma zafin iska na bazara ba ya ɗaga waɗannan lambobi sai da kaɗan. A jikin bango waɗannan muryoyi suna kumbura, a tsakiyar ɗaki ta farko tana kusan ɓacewa, kuma bambancin desibel 10 zuwa 20 tsakanin kujera da kujera ba baƙon abu ba ne. Da yake al'adar falon Bahaushe ita ce jera kujeru a jikin bango a bar tsakiya ga darduma, mai gida da baƙinsa suna zaune ne daidai inda kaurin ya fi kumbura. A buɗaɗɗen dandali irin na Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda, ko a filin biki, babu wannan matsala, kuma mai yiwuwa kunnen da ya saba da manyan akwatunan biki shi ne ke zaton abin da ya yi kyau a fili zai yi kyau a ɗaki, ko da yake su ma masu kiɗan biki da suka san aiki da mararraba mai tsanani suke raba akwatunansu.

Lasifikokin gaba ba su da zaɓin mazauni, dole su tsaya hagu da daman talabijin domin murya ta fito daga hoto, kuma da wuya wannan wuri ya zama shi ne mafi dacewa da kauri. Sabwufa ita ce ake iya ja daga lungu zuwa tsakiyar bango har a sami inda ɗaki ya fi lafawa. Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna a 2002 cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, sabwufa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna suna daidaita kauri tsakanin kujeru fiye da guda ɗaya nesa ba kusa ba, domin abin da ɗaya ta tayar ɗayar tana kwantar da shi. Duk wannan dabara ba ta yiwuwa sai an tattara kaurin layuka duka a hannu ɗaya, kuma a hannu ɗaya ne ake iya rage shi da dare saboda haƙƙin maƙwabci, tun da yake kauri shi ne ke ratsa bango ya girgiza rufin kwano da ƙofar ƙarfe a gidajen haya na Bukoki ko Talaje, ba tare da an taɓa ƙarfin magana ba.

Gaskiyar da aka yi alkawarin ba marubucin ita ce haz 80 ba wahayi ba ne. Ƙa'idar THX ta ɗauka lasifikar gaba rufaffiya ce mai fara sauka a haz 80, alhali lasifika mai huji da ke miƙe har haz 45 ba ta ƙara wa matacin amfilifaya komai a mahaɗa, sai gefe ɗaya ya zama 12 ɗayan 24, takunsu ya saɓa. Maganin wannan shi ne a gyara nisan sabwufa da aka rubuta a amfilifaya, wanda a haƙiƙa jinkiri yake daidaitawa, kimanin santimita 34 ga kowane kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, har kauri ya cika a mahaɗa, ko a toshe hujin da soso idan maƙerin ya tanadi haka. Lasifika mai ƙarfin gaske tana iya karɓar haz 60, kuma falon da ke da rami a haz 70 daga mazaunin lasifikokin gaba ya fi son 90 ko 100. Amma a mafi yawan gidaje gyaran lambar sama yake yi, domin ƙananan akwatunan da ake sayarwa a kwali ɗaya, masu faifan inci 3 da dubban wat na PMPO a jikin kwalin, lambar da babu wata ƙa'idar awo da ta tsaya mata, ba sa iya sauka ƙasa da haz 120 ko 150, kuma mai irin wannan kaya abin da ya kamace shi shi ne ya ajiye sabwufarsa kusa da talabijin. Wanda ke son tabbaci yana da manhajar REW, wadda kyauta ce, da makirufo na awo. Tsare-tsaren awo da ke cikin amfilifaya, irin su Audyssey da YPAO, suna taimakawa, sai dai a ɗakin siminti sukan ɗauki kumburin bango a matsayin ƙarfin lasifika su rubuta ta a cikakkiya, don haka wajibi ne a duba abin da suka zaɓa.

Hukuncin wannan martani shi ne shawarar marubucin ba ta tsaya ba a kan motsin faifai, ba ta tsaya ba a kan lissafin ɗaki, ba ta kuma yi la'akari da abin da mutanen Yamai ke kallo ba. Ana kira ga masu sayarwa da masu girka kaya da su daina auna lasifika da tsayinta, ga mai gida kuma da ya rubuta lasifikokinsa duka a matsayin ƙanana, ya fara da haz 80 da gangaren desibel 24 a sabwufa, ya buɗe maɓallin matacin da ke bayan sabwufar har ƙarshe domin kada a tace sauti sau biyu, ya kashe zaɓin ninka kauri, sannan ya ja akwatin daga wuri zuwa wuri yana saurare daga kujerar da ya saba zama.